Yadda ɗaliban jarida a Gassi suka kai ruwa rana kan bangon mujallarsu

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, a harkar jarida fuskar mujalla ita ce bangonta. Kana iya share wata guda kana haɗa labarai masu nauyi, amma mai saye daƙiƙoƙi kaɗan zai ba ka: ya ɗaga kai ya kalli bango, ko dai ya sa hannu a aljihu, ko ya yi gaba abinsa. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci ana ce wa shafin farko "la Une", kuma a Abidjan har suna aka laƙaba wa masu taruwa gaban mai sayar da jarida su karanta kanu kawai su watse, ana ce da su "titrologues". A N'Djamena ma akwai irinsu, sai dai yanzu da yawansu sun koma WhatsApp, inda hoton shafin farko kan riga jaridar kanta zaga gari.

Wannan ne ya sa da wani abokina da ke koyarwa a wata makarantar kuɗi a unguwar Gassi ya nemi in zo in taya ɗalibansa aikin ƙarshen zango, ban yi wata-wata ba. Ɗalibai 12 ne, maza da mata, an ce su fitar da mujalla mai shafi 16 a kan rayuwar mutanen bakin Kogin Chari. Labaran ciki ba su ba su wahala ba. Bangon ne ya cinye mana kusan mako uku.

Ga wanda bai san wurin ba, Gassi tana gunduma ta 7 ne, a kudu maso gabashin N'Djamena, ba nisa da kogi. A nan ne ginin Majalisar Dokokin Chadi yake, wanda ake kira Palais de la Démocratie, inda 'yan majalisa 188 ke zama. Kana barin kwalta kaɗan kuma sai ka faɗa lungunan talakawa, da masu lambu, da 'yan acaɓa da a can ake kira "clando". Wato ɗalibin da ke karatu a Gassi kullum yana wucewa ne tsakanin masu mulki da waɗanda ake mulka.

Kuma takardar shaidar da yaran ke nema ba ta wasa ba ce. Dokar jarida ta 2018 ta wajabta cewa mai jagorantar jarida da babban editanta su kasance sun yi karatun aikin jarida, kuma a watan Satumban 2020 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasar, HAMA, ta dakatar da jaridu 12 na tsawon wata uku saboda wannan sharaɗi. Don haka cikin waɗannan yara ne za a samu masu sa hannu a kan shafin farko nan gaba.

Ta ina mujallar za ta buɗe?

Rigimar farko ta harshe ce. Chadi na da harsunan hukuma biyu, Faransanci da Larabci, ban da harsunan gida sama da 100. Rabin ajin sun fi sakewa da Faransanci, sauran kuma sun taso ne a makarantun Larabci. Kowane ɓangare na son nasa ya hau bango.

A nan ne aikin ya yi daɗi, domin matsalar ta shafi ita kanta takardar. Faransanci daga hagu yake tafiya zuwa dama, saboda haka ɗaurin mujalla a hagu yake. Larabci daga dama yake farawa, ɗaurinsa a dama. Ke nan abin da mai Faransanci ke kira bayan mujalla, shi ne gabanta a wurin mai Larabci. Da na ninke farar takarda na nuna musu haka, sai ajin ya yi tsit, can kuma aka fashe da dariya. Ashe mujallar tana da fuska biyu, ba sai an yi faɗa a kan ɗaya ba.

Amma fa kowane zaɓi da kuɗinsa. Bangon baya shi ne filin talla mafi tsada a mujalla, kuma yaran sun riga sun sa rai wani mai shago zai saye shi su rage kuɗin bugu. Suka zauna suka yi lissafi, suka amince su haƙura da tallan. Shafi 7 na Faransanci, shafi 7 na Larabci, sai shafi 2 na tsakiya inda harsunan suka yi karo.

Waɗannan shafuka biyu ne wasu ɗalibai uku Hausawa suka nema. Hausawa sun daɗe a wannan gari, tun yana Fort-Lamy kafin a sauya masa suna a 1973. Wasu fatauci ya kawo kakanninsu, wasu kuma hanyar Makka ce ta ƙasa ta ajiye su. Wata daga cikinsu ta ce da ni, cikin ladabi, Malam ai kakarta ba ta jin ko ɗaya daga harsunan bangon, amma in aka karanta mata Hausa za ta san an yi da ita. Aka ba Hausa shafi ɗaya, aka ba Ngambay ɗaya, aka kuma sa ɗan layi a ƙasan kowane bango mai nuna cewa suna ciki.

Ɗan layin nan ma sai da ya gwada mu. Nau'in haruffan da suka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai wasu 'yan akwatuna suka fito a gurbinsu. Wanda ya san Hausa ya san ba ƙaramar ɓarna ba ce a cire lanƙwasar, tunda ƙasa daban, kasa daban. Muka koma kan haruffan Noto da Charis, waɗanda kyauta ne kuma suna ɗauke da su. Larabcin shi ma a wata manhaja ya fito a wawware, haruffa sun rabu kuma sun juya baya, sai da aka kunna tsarin rubutun dama zuwa hagu. Na kuma nuna musu Alkalami, nau'in haruffan da ƙungiyar SIL ta tsara bisa salon ajamin Kano, don ranar da za su so yin bango da ajami.

Fuskar wa za a sa?

Rigima ta biyu ta fi ta farko zafi. Hotuna biyu ne suka kai zagayen ƙarshe. Na farko ginin majalisa ne da yamma, ya yi kyau ƙwarai. Masu goyon bayansa suka ce shi ne abin da aka san Gassi da shi, kuma ba wanda zai ce an taɓa shi. Na biyu wata mata ce mai lambu, wani ɗalibi ya ɗauke ta da wayarsa lokacin ambaliya, ruwa har gwiwa, da goyo a baya, da ƙullin kaya a ka, fuskarta duk damuwa. Duk wanda ya tuna ambaliyar 2022, lokacin da Chari da Logone suka cika suka tumbatsa har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Oktoba, ya san me hoton ke faɗa.

Ba shakka hoton matar ya fi. Gini ba ya kallon mai karatu, mutum kuwa yana kallonsa. Sai na tambayi mai hoton sunanta. Ya ce bai tambaya ba. Ta san an ɗauke ta? Ya sunkuyar da kai.

Na ba su labarin bangon mujallar National Geographic na watan Yunin 1985, mai ɗauke da yarinyar Afganistan mai koren ido, wanda Steve McCurry ya ɗauka a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan. Hoton ya zaga duniya, amma ba a san sunanta ba sai a 2002, lokacin da aka gano ita ce Sharbat Gula. Shekara 17 fuskarta na sayar da mujalla, ita ba ta ma sani ba. Na ce musu Amurka da Pakistan akwai nisa, amma ku da matar nan kasuwa ɗaya kuke ci. Mijinta zai gani, surukanta za su gani, kishiya ma in akwai za ta gani.

Ɗalibai mata biyu suka bi mai hoton suka nemo ta. Suka gaishe ta da Inna, suka zauna suka nuna mata. Abin da suka dawo da shi shi ne: ba ta yarda a buga wannan ba, domin ba ta son a tuna da ita a ranar da ta fi kowace rana wulaƙanta. Amma in suna so, su zo lambunta da sassafe su ɗauke ta tana aiki, kuma su rubuta sunanta daidai.

Wasu a ajin sun ji haushi, suka ce an rasa hoto mai ƙarfi. Gaskiya ne an rasa. Sai dai wanda aka samu ya zo da suna, da shekaru, da labarin yadda ta sake tayar da lambun bayan ruwa ya janye, kuma shi ya zama babban labarin mujallar.

Inda gyara ke zama ƙarya

Da hoto ya samu, sai hannun yara ya fara ƙaiƙayi. Wani gwanin Photoshop a cikinsu ya yanko ginin majalisa ya dasa shi a bayan matar, wai don a ga tazarar mai mulki da talaka. Kai, abin ya yi kyau kamar gaske! Matsalar ita ce daga lambun ba a hango ginin. Na tuna musu cewa National Geographic ɗin nan ta taɓa matso da dalar Giza kusa da juna a bangonta na Fabrairun 1982 don hoton ya shiga tsayin shafi, kuma har yau ana kafa misali da ita a azuzuwan jarida. Haka a watan Yunin 1994 mujallar Time ta ƙara wa hoton O.J. Simpson duhu, alhali Newsweek ta buga hoto iri ɗaya ba gyara. Da aka jera su a wurin masu sayarwa, asiri ya tonu, Time ta sha suka.

A wurinmu jarabar ta juye ce. Manhajojin waya kan haskaka fata su goge tabo ba tare da an tambaye su ba, sai ka ga baƙar mace ta koma wankan tarwaɗa. Muka yi yarjejeniya: a gyara haske, a yanke gefe, amma ba ƙari ba ragi a jikin mutum ko abin da ke bayansa.

Akwai wata 'yar dabara kuma da ta kusa shige mana. Don bangon Larabci, wani ya ce a juya hoton kawai, hagu ya koma dama, don matar ta fuskanci inda ake buɗewa. Wata ɗaliba ce ta lura cewa a hoton tana miƙa wa mai saye damin latas da hannun dama. In aka juya, za ta zama mai miƙa kaya da hagu. A ƙasar nan wannan cin fuska ne, kuma ba ita ta yi ba. Dole aka ɗauki hoto na biyu daga ɗaya gefen.

Ragowar aikin na ƙa'ida ne. Sunan mujalla a sama, babban kanu ɗaya, ƙanana uku kacal. A bangon Faransanci ƙananan suka bi gefen hagu, a na Larabci suka bi dama, inda ido ke farawa. Kowane samfuri sai mun tura shi waya mun ƙanƙance shi kamar yadda zai bayyana a WhatsApp. In kanun bai karantu ba, a sake. Kafin a kai maɗaba'a aka mayar da launuka daga RGB na allo zuwa CMYK na tawada, aka tabbatar hoto ya kai ɗigo 300 a inci, aka bar rarar milimita 3 a kowane gefe na A4 saboda wuƙar yanka. Samfurin farko ya fito da duhu har idon matar ya ɓace, wutar lantarki kuma ta ɗauke ana tsakiyar gyara. Yaran suka ƙarasa da fitilar waya.

Ba daga sama suka faɗo ba

Na yi ƙoƙarin nuna musu cewa suna da magabata. Mujallar Tchad et Culture tana fitowa tun 1961. N'Djamena Hebdo, wadda Saleh Kebzabo ya kafa a 1989, ta buɗe ƙofar jaridu masu zaman kansu, kuma mai ita ya zo ya zama firaminista a 2022. A watan Yulin 2002 ƙoƙon kan Toumaï, wanda Ahounta Djimdoumalbaye ya tsinto a hamadar Djurab shekara guda kafin nan, ya hau bangon mujallar kimiyya ta Nature, duniya ta juyo ta kalli Chadi. A ƙasar Hausa kuwa, wanda ya ga yadda mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta riƙa jan masu saye da fuskokin 'yan wasa tun 1999 ya san ƙarfin bango.

Shawarata ga malaman jarida na Kano da Zariya da Maraɗi ita ce, in za a ba ɗalibi makin bango, kada a tsaya kan launi da kyan haruffa. A tambaye shi: wane ne a hoton, ya yarda, me aka taɓa a jikinsa, kuma wa aka bari a baya saboda harshe? Yanzu manhaja na iya haɗa bango cikin minti biyar, har ta ƙirƙiro fuskar mutumin da ba a taɓa haifa ba. Zuwa lambu da sassafe a nemi izinin Inna kuwa, wannan sai ɗan jarida da ƙafarsa. Allah Ya ba yaran nan sa'a, Ya kuma sa su riƙe amanar fuskokin da za su riƙa bugawa.