Hoto da suna: amfanin hotunan daji da na namun dawa ga mai nazarin kalmomin Hausa

1. Gabatarwa

A yau da wuya a sami malami ko ɗalibin da zai kama hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ko ya je hutu ƙauyensu, ba tare da ya ɗauko hotuna cikin salularsa ba: tabki cike da ruwa bayan damina, belbelu biye da garken shanu, rana tana faɗuwa bayan gawo. Masu ɗaukar waɗannan hotuna ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai, kuma akasarin hotunan cikin waya suke ƙarewa har ran da ta lalace ko ta ɓace.

A cikin wannan ƴar maƙala muna son mu nuna cewa irin waɗannan hotuna suna iya zama shaida mai ƙarfi ga aikin ƙamus, amma bisa sharaɗi guda, wato a haɗa kowane hoto da sunan abin da ke cikinsa kamar yadda mutanen wurin suke faɗinsa, tare da wuri da lokaci. Za mu fara da kalmar hoto ita kanta, sa'an nan mu duba matsalar sunayen dabbobi da na ƙasa, daga bisani mu kawo hanyar aiki.

2. Kalmar hoto da aikatau ɗinta

Hoto kalmar aro ce, amma ta daɗe da zama ƴar gida. Sautin f na farkonta ya koma h a gaban wasalin o, abin da ba baƙo ba ne a Hausa, musamman a karin harshen yamma. Tana da jam'i irin na Hausa, hotuna, bisa tsarin wando da wanduna. Ma'anarta ma ta faɗaɗa, har ta shafi zanen littafi da hoton ƙirji na asibiti. Ga aikatau biyu da suka fi tafiya da ita:

(1) Ya ɗauki hoton tabkin.
(2) An wanke hotunan jiya.

Misali na (2) shi ya fi jan hankalinmu. An ce wanke ne domin a da sai an tsoma fim da takarda cikin ruwan magani, a ɗaki mai duhu, kafin hoto ya fito. Yau na'ura ce take bugawa, ba ruwa ba duhu, amma har yanzu mutane wanke hoto suke cewa. Ke nan kalma tana iya wanzuwa bayan abin da ya haife ta ya kau. Wannan shi ne ainihin abin da yake faruwa ga sunayen namun dawa da dama.

3. Sunan da ya rabu da mai shi

Kowane yaro a Nijar ya san kalmar mena, domin ita ce sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Amma kaɗan ne suka taɓa ganin dabbar, wato Nanger dama, wadda ƙalilan suka rage a duwatsun Abzin da na Termit. Mariri, Oryx dammah, ya fi ta shiga uku: a shekarar 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara sakin waɗanda aka kiwata a ƙasar Cadi. Akwai ma sunan da bai taɓa samun mai shi a ƙasarmu ba, wato jakin dawa, domin wannan dabba mai zane-zane ba ta zaune a Afirka ta yamma. Bahaushe ya san ta ne ta hanyar hoto da littafi.

Matsalar tana ƙaruwa idan muka shiga fassara. A Faransancin da ake yi a ƙasarmu, kalmar biche takan rufe barewa da gada da mazo baki ɗaya, alhali mafarauci ba ya haɗa su. Ɗalibin da ya tashi a birni, wanda ya koyi sunayen daga karatu, yakan san cewa gwanki da kanki namun dawa ne, amma in an aza masa hotuna biyu ba zai iya cewa wane ne wane ba.

Manyan ƙamusoshinmu, na Bargery (1934) da na Abraham (1949), da ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdu Mijingini (1987), sun tattara sunaye masu yawa, kamar yadda Dalziel (1916) ya yi game da tsirrai. Sai dai ƙamus kalma yake fassarawa da kalma. Ba ya nuna mana tsuntsun da manomin Madarumfa yake nufi idan ya ce zalɓe, ko kuwa shi ne wanda masuncin Tabalak yake kira haka. Aikin Caron (1991) a kan Hausar Adar ya nuna yadda karin harshe guda yake da nasa kalmomi da nasa lafazi. Bambanci irin na ungulu da angulu, ko itace da icce, na lafazi ne, mai sauƙin kamawa. Wanda ya fi wuya shi ne inda suna guda yake nufin halitta biyu a garuruwa biyu. A nan hoto ne kaɗai zai raba gardama.

4. Sunayen ƙasa

Abin da muka faɗa game da dabbobi ya shafi shimfiɗar ƙasa. Manomi yana bambanta jigawa da geza, fako da fadama, gulbi da ƙorama, tudu da tsauni. Waɗannan kalmomi ba ado ba ne, a kansu ake yanke shawarar inda za a shuka hatsi da inda za a shuka dawa. Fassara fadama da bas-fond ba ta isa ba, sai an ga launin ƙasar, da irin ciyawar da ke kanta, da inda ruwa yake kwanciya.

Hoton ƙasa yana da wani amfani na daban idan an maimaita shi daga wuri guda shekara bayan shekara. Ta hanyar gwada hotunan sama na 1975 da na farkon shekarun 2000 ne masu bincike suka tabbatar da cewa itatuwa sun ƙaru cikin gonakin jihohin Maraɗi da Damagaram, albarkacin sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma a gona. Malamin da ya tsaya a bakin gonar gidansu kowace kaka ya ɗauki hoto, yana fuskantar gabas ɗin da ya fuskanta bara, irin wannan aiki yake yi a ƙaramin ma'auni.

5. Hanyar aiki

Na farko shi ne haske. Hoton daji yana kyau daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma daga la'asar zuwa gab da magariba. Da rana tsaka inuwa takan yi kauri, launi ya kashe. A lokacin hunturu hazo yakan shafe abin da ke nesa, saboda haka sai a matsa kusa ko a jira ranar da iska ta kwanta. Mai ɗauka ya bar rana a bayansa ko a gefensa.

Na biyu, hoto guda ba ya isa. Muna ba da shawarar uku: ɗaya mai nuna halittar cikin muhallinta, ɗaya mai nuna jikinta duka, ɗaya kuma mai nuna alamar da ta raba ta da ƴan'uwanta, kamar ƙaho, baki, ƙafa, ganye ko ƴaƴa. Ga ƙaramin abu ko sawun dabba, a ajiye alƙalami a gefe domin a san girmansa.

Na uku, kwanan wata. Gawo, Faidherbia albida, yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa. Wanda ya ga hotonsa tsirara ba tare da kwanan wata ba sai ya zaci ya mutu ko kuwa rani ne. Shamuwa, Ciconia abdimii, tana isowa gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa cikin gari. Hotonta mai kwanan wata, in an tara na shekaru, zai nuna ko lokacin zuwanta yana sauyawa. Salula tana adana rana da sa'a cikin hoton, amma wannan bayani yakan zube idan aka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, don haka a riƙa rubutawa a littafi.

Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci a gare mu, shi ne suna. Kada mai ɗauka ya faɗi sunan da kansa ya nemi a gaskata shi, domin mutanenmu, saboda kara, sukan amsa wa malami da "haka ne". A nuna hoton a tambaya: mene ne wannan? A tambayi mutum fiye da ɗaya, makiyayi da manomi da mai ice, maza da mata, a rubuta garin kowa. A kuma ɗauki muryar da izinin mai ita, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. A rubuce, kuka itaciya da kuka na hawaye ɗaya suke, haka gada dabba da gada ta ƙetare ruwa. In kuma aka yar da ƙugiya, kamar yadda ake yi a saƙon waya, ɗinya itaciya ta koma dinya tsuntsuwa.

6. Nesa ko kusa

Masu sha'awar hoto sukan ɗauka sai an yi doguwar tafiya. Gaskiya ne akwai wuraren da suka yi suna. Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, sun ragu har 49 a 1996, daga baya suka haura 600 saboda kariya, kuma a 2018 aka kai takwas daga cikinsu gandun Gadabeji, a yankin Dakwaro, inda irinsu suka ɓace shekaru da dama. Amma harin da aka kai Kure ranar 9 ga Agusta 2020, inda aka kashe mutum takwas, ya nuna cewa ba a shiga irin waɗannan wurare sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan gandun daji. Haka kuma bai kamata a bayyana wa kowa ainihin inda aka ga dabbar da ta yi ƙaranci ba, domin ba mai kyamara kaɗai yake nemanta ba.

Ga aikin ƙamus kuwa, abin da ke bayan gari ya fi abin da ke nesa daraja. Raƙumin dawa an ɗauki hotonsa sau dubbai, sunansa ba ya cikin shakka. Ƙananan tsuntsayen tabkin Madarumfa ko na Gidimuni, da ciyayin fadama, da ƙwarin da ke cin gero, su ne sunayensu suke bakin tsofaffi kawai.

7. Kammalawa

Mun ga cewa kalma tana iya rayuwa bayan abin da take nufi ya kau, amma ma'anarta takan dushe. Hoton mai sha'awa, in ya zo da suna da murya da wuri da kwanan wata, yana ɗaure kalmar da abinta tun ana iya ganinsa. Muna ba da shawara ga sashenmu ya nemi kowane ɗalibi mai shirya kundi a fannin kalmomi ya kawo aƙalla hotuna ashirin daga garinsu bisa wannan tsari, a adana su wuri guda, a gwada su da abin da ƙamusoshi suka ce.