Shekarun Da Yaro Ke Zamewa: Me Ƙididdiga Ta Nuna?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

'Yan'uwa, mukan ji iyaye suna cewa, "Yaron nan da can salihi ne, yana shiga kwaleji ya sauya." Masu ƙididdiga ma sun lura da haka.

A shekarar 2007 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da rahoto kan laifukan da aka kai ƙara daga makarantu tsakanin 2000 da 2004, irin su duka, sata da ɓarnata kaya. Da aka kasa masu laifin bisa shekaru, 'yan 13 zuwa 15 ne suka fi yawa, kusan kashi 38 cikin 100. 'Yan 16 zuwa 18 na biye musu. Ƙananan yara kuwa kasonsu kaɗan ne.

A kula da kyau: ba a ce 38 cikin kowane yara 100 masu laifi ne ba. Cewa aka yi cikin waɗanda aka kai ƙararsu, 38 daga wannan rukuni suke. Kuma lissafin na Amurka ne, ba na garuruwanmu ba. Sai dai tun 1831 masanin lissafi Ketele, mutumin Beljiyam, ya nuna cewa laifi yana hauhawa da ƙuruciya, sannan ya sauka idan mutum ya manyanta.

Shekarun nan na 13 zuwa 15 su ne ƙofar balaga, inda alƙalami ke fara hawa kan bawa. Idan alamomi ba su bayyana ba, Shafi'iyya sun tsaya a 15, mashhurin Malikiyya kuwa 18. Dokar Nijar ma tana ɗauke alhakin laifi daga wanda bai kai 13 ba. Daga nan alƙali na iya tuhumarsa.

Abin takaici, a daidai wannan gaɓa muke sakin hannu. Yaro ya sauke ko ya shiga kwaleji, sai mu ce ai ya girma, ya bar islamiyya, babu mai tambayar da wa yake yini.

Don haka, uba ya san abokan ɗansa da sunayensu. Malami ya tanadi darasin bayan Magariba ga masu tasowa. Wanda ya zame a jawo shi, kada a kore shi, domin mafi yawansu suna dawowa hanya.

Allah Ya shiryar mana da zuri'a. Wallahu a'alam.