Karanta kusanci a zanen mutane

A Mai Wurno ta ƙasar Sudan, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, tarbiyyar gida ba ta yi nisa da ta Sakkwato ba: miji da mata ba sa manne wa juna a gaban mutane, uwa kuma kan kauce wa sunan ɗanta na fari. In aka zana su haka, kowa a tabarmarsa, baƙo sai ya ce ba sa ga maciji. Ɗan gida kuwa ya san kunya ce, kuma ba a jin kunyar wanda ba a damu da shi ba.

Saboda haka mai duba zane kada ya tsaya neman runguma. Ya dubi hannu tukuna. Yarinya ta kwantar da kai a cinyar mai yi mata kitso, wuyanta a sake, ido a lumshe, yatsun babbar sun nutse cikin gashin. Jikin da bai amince ba ba ya sakin wuya haka, kuma gwanin zane da layi ɗaya yake nuna bambancin. Sannan ya dubi inda kafaɗu suka karkata, kamar na 'yan cirar auduga a gonakin yankin Jazira na Sudan da suka kewaye faranti guda, gwiwa na gogar gwiwa, babu mai kallon wani.

A Sudan, ɗaya daga cikin masu zanen da suka nace a kan nuna irin wannan kusanci ita ce Kamala Ibrahim Ishaq, haifaffiyar Omdurman a 1939. Ta daɗe tana nazarin taron zar na mata, ɗan'uwan borinmu, kuma zanenta cike yake da mata a zaune da'ira. Fuskokin a murɗe suke, wasu ma ba su da daɗin kallo, sau da yawa kowace tana duban wani gefe dabam. Abin da ke ɗaure su shi ne jijiyoyi da rassan tsiro da take ratsawa tsakaninsu. A ganina ta fi masu zana murmushi faɗin gaskiya, domin zaman mata a gidan biki ko na makoki ya haɗa shaƙuwa da kishi da haƙuri a tabarma ɗaya. An baje ayyukanta a zauren Serpentine na Landan a 2022.