Magana Tsakanin Matuƙin Jirgi da Hasumiya: Me Ya Sa Kuskuren Kalma Ɗaya Ke Cin Rayuka?

'Yan'uwa, mu mazauna Ayigya Zango mun saba da ƙugin jirage, domin filin jirgin Kumasi, wanda a 2024 aka raɗa masa sunan Prempeh na Ɗaya, ba shi da nisa da mu. Kowace shekara kuma muna sallamar alhazanmu da za su tashi daga Tamale ko Accra zuwa ƙasa mai tsarki. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa lafiyar wannan tafiya ta rataya, bayan kiyayewar Allah, a kan 'yan gajerun kalmomi da mutum biyu ke musaya ta rediyo ba tare da suna ganin juna ba.

Mutum biyun su ne matuƙi da jami'in kula da zirga-zirgar jirage, wanda muke kira mai hasumiya. Matuƙi ba ya shiga titin tashi, ba ya hawa sama, ba ya sauka sai da izininsa. Dukkan jiragen da ke wani yanki suna magana ne a kan zango guda, kuma murya ɗaya ce kawai ke iya wucewa a lokaci guda. Idan mutum biyu suka danna maɓalli tare, sai saƙonnin su haɗu su zama ƙara, kowannensu kuwa yana zaton an ji shi.

Mu fara da abin da ya taɓa jama'armu. Ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ɗauke da alhazai. Jirgin na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, amma yana aiki da sunan Nigeria Airways, don haka lambar kiransa a rediyo ita ce "Nigerian 2120". Tayoyinsa da ba su da isasshiyar iska suka fashe a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe su cikin jirgi da wutar. Da matuƙin ya kira hasumiya, sai ya ambaci sunan kamfaninsu na asali maimakon sunan da hasumiya ta sani. Mai hasumiya ya ɗauka wani jirgin Saudiyya ne ke magana, aka yi kimanin minti 3 cikin wannan ruɗani. Jirgin ya faɗi kafin ya kai titi, mutum 261 da ke ciki duk suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Masu bincike sun ce wutar ce ta kayar da jirgin, ba ruɗanin suna ba. Duk da haka abin ya nuna yadda kalma ɗaya ke sa mai hasumiya ya yi ta ba da umarni ga wani jirgi, alhali mai neman agaji daban ne.

A wasu wuraren kuwa, maganar ce ta zama ajali. Mafi muni shi ne na tsibirin Tenerife na ƙasar Spain, ranar 27 ga Maris, 1977. Hazo ya rufe filin, jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na KLM ɗaya na Pan Am, suna kan titi guda ba sa hango juna. Hasumiya ta karanta wa na KLM hanyar da zai bi bayan ya tashi, shi kuwa babban matuƙin ya ɗauka izinin tashi aka ba shi. Mataimakinsa ya furta wata jimla mai harshen damo, mai hasumiya ya amsa da "OK", sannan ya ƙara da cewa su dakata zai kira su. A daidai wannan lokacin matuƙin Pan Am ya danna nasa rediyon yana sanar da cewa har yanzu suna kan titi. Saƙonnin biyu suka toshe juna, "OK" ɗin nan kawai ya fita sarai. Mutum 583 suka mutu.

Wani lokaci kuma laifin na sassauta magana ne. A Janairun 1990, jirgin Avianca daga Kolombiya ya daɗe yana shawagi yana jiran izinin sauka a New York. Matuƙan sun ce mai yana ƙare musu, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar da ke ayyana halin gaggawa ba. Masu hasumiya ba su fahimci cewa rai ne a hannun Allah ba. Injina suka mutu, mutum 73 suka rasu.

Sai na kusa da Delhi a Indiya, ranar 12 ga Nuwamba, 1996. An umarci jirgin Saudiyya mai tashi ya tsaya a tsayin ƙafa 14,000, jirgin Kazakistan mai shigowa kuma a ƙafa 15,000. Na Kazakistan ya gangaro ƙasa da inda aka ajiye shi, suka yi karo a sama, mutum 349 suka halaka. Binciken ya ambaci raunin Turancin matuƙan cikin dalilan hatsarin.

To, wane magani aka yi? Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, da hukumomin ƙasashe irin su GCAA a nan Ghana, sun ɗaure harshen rediyo da ƙa'idoji. Na farko, duk muhimmin umarni, kamar tsayi ko lambar titi ko izinin sauka, dole matuƙi ya maimaita shi tare da lambar kiransa, mai hasumiya kuma ya saurara ya gyara in an kauce. Na biyu, kowace kalma tana da ma'ana guda. Tun bayan Tenerife, ba a furta kalmar "takeoff" sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi, sauran lokuta "departure" ake cewa. Na uku, haruffa suna da sunaye, Alfa, Bravo, Charlie, don kada B ta rikiɗe ta zama D, tara kuma "niner" ake kiranta. Na huɗu, wanda ke cikin haɗari zai ce "Mayday" sau uku, nan take kowa ya ba shi hanya. Na biyar, daga Maris 2008 ICAO ta wajabta wa matuƙa da masu hasumiya na zirga-zirgar ƙasa da ƙasa su kai aƙalla mataki na 4 cikin 6 a gwajin Turanci.

An kuma gyara zaman ɗakin tuƙi. A Tenerife, injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi, babban matuƙi ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, magana ta mutu a nan. Yanzu ana horar da ƙarami ya faɗi abin da ya gani ƙarara, babba kuma ya saurara.

Saboda haka idan jirginmu ya tsaya a bakin titi ana jira, ko ya kusa sauka sai ya sake ɗagawa sama, kada mu yi gunaguni. Sau da yawa wani ne ya ƙi yin aiki da zato, ya nemi a maimaita masa. 'Ya'yanmu masu sha'awar wannan aiki kuma su sani, bayan lissafi da kimiyya, ana bukatar kunne mai saurare da harshe mai fita sarai. Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi, a sararin sama kuwa takan tsirar da ɗaruruwan mutane. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.