Hanyar Bakin Ruwa da Yaran Anka da Bukkuyum da Gummi

A ƙasashe masu manyan tsaunuka, irin su Suwizalan, magidanci kan ware yini guda ya kwashi matarsa da 'ya'yansa su zagaya tafki da ƙafa, su ci abinci a inuwa, su koma gida kafin duhu. Ƙasar tana da hanyoyin ƙafa masu alama da tsawonsu ya kai kusan kilomita 65,000. A mararrabar hanya akwai allo ruwan ɗorawa da ke faɗa wa mutum awa nawa ko minti nawa zai yi kafin ya isa inda ya nufa, hanyoyin hawan dutse masu wuya kuwa ana shafa musu fari da ja domin mai ƙananan yara ya kauce musu. Wannan shiri shi ne ya mayar da tafiyar abin da iyali ke iya yi, tsayin tsaunin bai taka wata rawa ba. Ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi ba ta da tafki a kan tsauni, amma tana da gulbi da fadama da tuddan duwatsu. Ra'ayina shi ne ya kamata kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan ya tanadi gajeriyar hanyar ƙafa a bakin ruwa, wadda aka auna ta da ƙarfin ƙaramin yaro, kuma a fara shirinta tun yanzu duk da halin da ake ciki.

Gulbin Zamfara ya bi ta kusa da Anka, ya ratsa ƙasar Bukkuyum, ya wuce ta Gummi kafin ya shiga Kebbi ya haɗu da Gulbin Sakkwato, Gulbin Ka kuma yana can ta kudu. Wajen Anka ƙasa ce mai tsakuwa da duwatsu, akwai kuma zinare a can. Idan aka gangaro yamma sai ƙasa ta kwanta ta zama fadama, inda ruwan damina kan bar tafkuna su daɗe har cikin rani. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu bakin waɗannan tafkuna kan cika da zalɓe da balbela da kirinjijiya, har da tsuntsayen da suka tsere wa sanyin Turai suka tsallako Sahara. Mai halin tafiya nesa kuma yana da madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978, da Dutsen Kwatarkwashi da ke gefen hanyar Gusau zuwa Zariya. Abin kallo dai ba a rasa shi ba.

Abin da aka rasa shi ne yaron da ya san ƙasarsa ta fuska mai daɗi. Yaron da aka haifa a Anka ko Bukkuyum a 2010 ya zo duniya ne a shekarar da aka gano gubar dalma a Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma da wasu ƙauyuka, inda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Kafin ya yi wayo 'yan bindiga sun mamaye dazuzzuka, a watan Janairun 2022 kuma hare-hare a ƙauyukan ƙananan hukumomin biyu suka ci rayuka masu yawa cikin 'yan kwanaki. A wurin irin wannan yaro, daji wuri ne da ake kai mutum a ɗaure, ƙasa kuma abu ne da ake tonawa a nemi kuɗi. Kakansa yana iya bambanta marke da ƙirya daga nesa, ya san lokacin da kanya ke nuna, ya san zuwan shamuwa na nufin a gyara gona. Wannan ilimi ba a karantar da shi a aji, ana ɗaukarsa ne a tafe, babba na nunawa yaro na tambaya. Idan tsara guda ta tashi ba ta same shi ba, da wuya ta damu idan aka sare kukar bakin gari ko aka zuba shara a tafki, domin ba ta taɓa ɗaukar su nata ba.

Amsar farko da mai karatu daga yankin zai bayar sananniya ce: mutumin da ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya haraji ga ɓarayin daji, ina shi ina yawon shan iska? Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya ce wa iyali su nufi daji a yau ya cuce su. Sai dai hanyar da ake nufi ba ta daji ba ce. Zagaye ne na kilomita biyu ko uku a gefen gari, inda masu lambu da masunta da masu wanki suke kai da komowa kullum, inda ana jin kiran salla daga masallacin unguwa. Hukuncin ko wuri ya dace ko bai dace ba yana hannun waɗanda suka san shi: mai unguwa, dagaci, sarkin ruwa, da jami'an tsaron da ke garin, ciki har da Askarawan Zamfara da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a farkon 2024. Inda suka ce a dakata, a dakata. Akwai ƙauyukan da wannan magana ba ta taso ba tukuna, amma manyan garuruwa ukun nan, inda dubban 'yan gudun hijira suka taru yara suka cunkushe a 'yan ɗakuna, su ne ma suka fi buƙatarta.

Wani zai ce mutanen karkara ba su rasa tafiyar ƙafa ba, yarinyar da ke ɗebo ruwa da yaron da ke kiwo sun yi ta fiye da kima. Gaskiya ne, kuma su ba motsa jiki suke nema ba. Amma a cikin gari akwai yara da yawa da yininsu ke ƙarewa tsakanin boko da islamiyya da kallon waya, ga mata da tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga waɗanda likita ya ce su riƙa tattaki ba su da inda za su yi shi cikin mutunci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro ya sami minti 60 na motsa jiki a kullum, babba kuma aƙalla minti 150 a mako. Batun fitar mata kuwa, fita ce tare da miji da 'ya'ya, da rana tsaka, kamar yadda ake fita yawon Sallah. A Kano iyalai suna hawa Dala tun da aka yi mata matakala, ba wanda ya ɗauki hakan baƙon abu.

Haɗarin da ya fi cancantar a tsaya a kansa yana cikin ruwan da ƙasar kansu, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin gara a fita da yaro a nuna masa da a bar shi ya gano da kansa. Ruwan tafki da ke tsaye gidan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya ne. Ƙwayar tana shiga ta fata yayin wanka ko wasa, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini, wasu iyaye kuma har yau suna ɗaukar hakan alamar girma. Saboda haka tafiyar iyali ta kallon ruwa ce daga gaɓa, ba ta shiga ba. Gulbi kuwa ba a raina shi: ambaliyar watan Agustan 2024 ta rusa gidaje da dama a Gummi, a watan Satumba kuma kwalekwalen manoma ya kife a can mutane da yawa suka nutse. Don haka lokacin fita shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ruwa ya janye kafin zafin bazara da kan haura digiri 40. A ƙasar Anka da Bukkuyum akwai ƙarin sharaɗi: hanya ta yi nesa da tsoffin ramukan haƙar zinare da kududdufan da ake wanke dutse, domin dalma ba ta ruɓewa, tana nan a ƙasa shekara da shekaru, yaro mai sa hannu a baki ne kuma ya fi saurin kwasarta. A ɗauki ruwan sha daga gida, a wanke hannu kafin a ci abinci, a sa wa yara takalmi rufaffe saboda ƙaya da kububuwar da ke fakewa a tsakanin duwatsu. A fita da sassafe a dawo kafin azahar, idan autan tafiyar ya gaji kuma a juya ko ba a kai rabi ba.

Aikin ba ya buƙatar kwangilar miliyoyi. Sharar hanya ce, da 'yan kujerun siminti a inuwar tsamiya, da makewayi, da wurin salla, da alluna a boko da ajami masu faɗin sunan kowace bishiya da minti nawa ya rage a koma gari. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: kada hanyar ta ci gonar kowa ko ta tare mashayar dabbobi. Zamfarawa ba su manta da Bakolori ba, inda a 1980 aka kashe manoman da suka fito neman diyyar gonakin da aikin madatsar ya cinye. Duk abin da za a yi a bakin ruwa sai an zauna da mai lambu da makiyayi da masunci tun kafin a sari ciyawa ko ɗaya. Masarautun Anka da Bukkuyum da Gummi su ne suke da ikon tara waɗannan mutane a zaure guda, ƙananan hukumomi kuma su ne masu kuɗin alluna da kujeru. Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin ci gaban gari su kai musu wannan buƙata kafin hunturu mai zuwa.