Daga Kasuwar Shasha zuwa allon kallo: Littattafan da ke adana sirrin fina-finan zane

Kafin gari ya waye tangaran, manyan motocin da suka kwana a hanya daga Arewa sun riga sun jeru a Kasuwar Shasha da ke Ƙaramar Hukumar Akinyele a Ibadan. ’Yan dako na sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa da tattasai da attaruhu, dillalai na fara ciniki da Hausa su ƙarasa shi da Yarbanci. A bayan motocin kuwa ga zanen zaki da mikiya da dawisu, aikin masu fenti waɗanda ba kasafai ake tambayar sunayensu ba.

Mai cefane farashi ne a gabansa. Amma ga mai zanen fim ɗin katun, wannan wuri makaranta ce: yadda ɗan dako ke karkata wuya idan kwando ya hau kansa, yadda jan tumatir ke sauya kama daga hantsi zuwa la’asar, yadda dillali ke magana da hannu kafin ya buɗe baki. Irin waɗannan abubuwa ne ake tarawa kafin a haifi fim ɗin zane, kuma akwai wani rukunin littattafai da aikinsa shi ne adana su.

Me ke cikin littattafan?

Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato fim mai tsawon minti 90 yana ɗauke da hoto 129,600. A fim ɗin zane babu ko ɗaya daga cikinsu da aka tarar a shirye. Komai sai an ƙirƙira, tun daga fuskar jarumi har zuwa ƙurar da ke tashi a bayan takalminsa. Saboda haka kafin a kai ga abin da mai kallo ke gani, sai an yi dubban zane-zanen gwaji, an zubar da mafi yawansu.

Manyan kamfanoni sun saba tattara zaɓaɓɓu daga cikin waɗannan zane-zane su buga su littafi. A ciki ake ganin siffofin da aka gwada wa jarumi kafin a tsaya a kan guda, da jerin zanen da ke nuna tafiyar labari fage bayan fage, da taswirar launuka wadda ke tsara inda fim zai yi haske da inda zai yi duhu gwargwadon halin da labari ke ciki.

Jigo a wannan fanni shi ne The Illusion of Life, wanda Frank Thomas da Ollie Johnston, tsofaffin masu zanen kamfanin Disney, suka fitar a 1981. A cikinsa suka jera ƙa’idoji 12 na sa zane ya yi motsi kamar mai rai, waɗanda har gobe da su ake fara koyar da ɗalibai. A 2001 Richard Williams ya fitar da The Animator’s Survival Kit. Kamfanin Pixar a Amurka da Studio Ghibli a Japan kuwa sun mayar da abin al’ada, fim na fita littafinsa na biye.

Darasi mafi girma da ke cikin irin waɗannan littattafai shi ne gani ya kori ji. Kafin Pixar ya fitar da Coco a 2017, ma’aikatansa sun yi ta zuwa Meziko, suna shiga kasuwanni da gidaje da maƙabartu suna zane da ɗaukar hoto. Abin da suka kwaso can shi ya zama titunan da ke cikin fim ɗin.

Namu ma sun fara

Sana’ar ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda ya rayu daga 1942 zuwa 2015, ya yi Bon Voyage Sim tun a 1966, gajeren fim da ke zolayar shagulgulan ziyarar shugabanni ta hanyar labarin shugaban ƙasar kwaɗi. Ya samu horo a Kanada a wajen Norman McLaren, daga baya ya zauna a Tahoua yana ci gaba da aikinsa.

A Najeriya, Adamu Waziri ya ƙirƙiri Bino and Fino a Abuja domin yara. A Disambar 2020 aka fitar da Lady Buckit and the Motley Mopsters, wanda ake ɗauka a matsayin dogon fim ɗin zane na farko da ƙasar ta kai gidajen sinima. A Fabrairun 2024 kuma Disney da kamfanin Kugali suka fitar da Iwájú mai kashi shida, wanda ya hango Legas ta nan gaba.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an gama aiki. Zane-zanen gwaji kan tsaya a kwamfutar mai zane ko a wayarsa. Ranar da na’urar ta lalace, ko ƙaramin kamfani ya watse, shi ke nan. Matashin da ke son koyo a Kano ko Zariya sai ya koma ga littattafan waje masu tsada, ya ƙware a zanen dusar ƙanƙara alhali bai taɓa gwada zana hazon hunturu ba.

Abin da wuta ta ci

A nan ne batun ya koma Shasha. A Fabrairun 2021, saɓanin da ya faro tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago ya rikiɗe ya zama rikicin ƙabilanci. An rasa rayuka, an ƙone rumfuna da gidaje, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, sannan tawagar gwamnonin Arewa ta je Ibadan domin kwantar da hankali. Hotunan da duniya ta fi sani na Shasha a yau na toka ne da ƙonannen kwano.

Alhali zaman Hausawa a Ibadan ya girmi wannan rana nesa ba kusa ba. An kafa unguwar Sabo tun a 1916, kuma masanin zamantakewa Abner Cohen ya rubuta littafi sukutum a 1969 kan yadda fataucin goro da shanu ya riƙe unguwar. Ya adana tsarin masu gida da dillalai a rubuce. Fasalin rumfa, ɗinkin riga, ɗaurin kwando da zaman maƙwabtaka kuwa sai idon mai zane. Duk wanda zai yi fim a kan wannan zama nan da shekara ashirin, abin da aka ajiye masa kawai zai tarar.

Rawar da ma’aikatu za su taka

Ibadan ba ta rasa kayan aiki ba. A nan aka buɗe tashar talabijin ta WNTV a 1959, a nan manyan maɗaba’u irin su University Press da Evans suke, kuma ofishin Ma’adanar Tarihi ta Ƙasa yana cikin harabar Jami’ar Ibadan. A Jos akwai ma’adanar fina-finai da ke ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku, wato da zarar zane ya shiga littafi ya samu gidan zama.

Hukumomin gwamnati da dama kan ba da kwangilar gajerun katun na wayar da kai kan rigakafi ko zaɓe ko haraji. Jami’in da ke tsara takardar yarjejeniya zai iya ƙara sharaɗi guda: a miƙa zane-zanen gwaji tare da fim ɗin, da sunayen waɗanda suka zana su, a kai ma’adana, ba tare da an tauye haƙƙin mallakarsu ba. Ma’aikatar da ke kula da al’adu da tattalin arzikin fasaha, wadda aka ƙirƙiro a 2023, za ta iya ɗaukar nauyin buga zaɓaɓɓu cikin Hausa da Yarbanci da Ibo, a raba wa makarantun koyon zane.

Motocin tumatir za su sake isa Shasha gobe da asuba, da zakunansu da mikiyoyinsu a baya. Fentin jikin mota kuwa damina kaɗan yake gani ya koɗe.