Daga Bakin Likita Zuwa Kunnen Marar Lafiya: Inda Bayani Ke Salwanta

Duk wanda ya taɓa bin layin karɓar magani a asibitin gwamnati da hantsi ya san yadda wurin yake. Yara na kuka, janareta na ruri a bayan gini, mai ba da magani kuma yana magana ta wata 'yar kafa a jikin taga. Sai ya turo ƙananan ledoji uku ya ce, "Wannan biyu sau uku, wannan ɗaya da dare, wancan bayan an ci abinci. Na gaba!" Mai karɓa ya ce "to", ya zuba a aljihu. Kafin ya tari a-daidaita-sahu a bakin titi, ya riga ya manta wanne ne na dare.

Likita ya gano cutar, maganin mai kyau ne, kuɗi ma an biya. Bayanin ne bai isa inda aka aike shi ba. Mutane da yawa da ke komawa asibiti suna cewa magani bai karɓe su ba, in ka bi diddigi, ba a sha shi yadda ya kamata ba ne, kuma ba da gangan ba.

A ɗauki "sau uku a rana". Wasu sukan sha da safe, su manta, sai da magariba su haɗiye ragowar biyun lokaci guda don a cika lissafi. Alhali magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake rubuta wa haka, ana so ne a raba su kusan duk awa 8, domin ƙarfinsu ya dawwama a cikin jini. Da za a ce wa mutum "bayan sallar asuba, bayan azahar, sai kuma lokacin kwanciya", da ya riƙe har abada. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem kashi 6 ne a kwana 3, na biyu awa 8 bayan na farko, kuma ya fi shiga jiki in an sha shi da madara ko abinci mai maiƙo. Nawa ne aka gaya musu haka? Da jiki ya yi sanyi a rana ta biyu sai a ajiye sauran a saman kwaba, ko a ba maƙwabci. Haka abin yake ga cokali. Ma'aikaciya na nufin ƙaramin cokalin shayi mai cin mililita 5, uwa kuma ta je gida ta ɗauko na cin shinkafa, wanda zai iya cin ninki biyu ko uku. Farasitamol ma da ake rainawa yana da iyaka: babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a awa 24, kuma da yawa daga cikin magungunan mura da ake saye a kemis suna ɗauke da shi. Mutum ya haɗa biyun, bai san yana wahalar da hantarsa ba.

Wannan "to" ɗin da muke saurin faɗa, ladabi ne muka gada. An tarbiyyantar da mu cewa ba a tsare babba da tambaya, ba a ce wa malami ya maimaita, ba a kallon na gaba ido cikin ido. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. A ɗakin likita kuwa tana iya jawo asara, domin shi likitan da ya ji "to" ya ɗauka an gane, ya wuce ga na gaba.

Kunya ta fi wannan nauyi, musamman ga mata. Mace mai juna biyu za ta ga jini tun jiya, ko kanta na sarawa idonta na ganin dishi-dishi, ƙafafu sun kumbura, amma da aka tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Jikin ne dai ba daɗi." Waɗannan kuwa alamu ne da ba a kwana da su, don suna iya zama mafarin jijjiga ko ɓarin ciki. Sau da yawa ma ba ita ke magana ba. Maigida ne ko uwar miji ke tsaye a kanta suna amsawa: "Ai ba wani abu ba ne, likita, laulayi ne kawai." Ta yaya yarinyar da ko sunan mijinta ba ta faɗa za ta bayyana abin da ke fita daga jikinta a gaban surukarta? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan rakiya mai hankali, in ya gama gaisuwa ya faɗi abin da ya sani, sai ya ce, "Bari in ba ku wuri," ya koma benci. Maza ma ba su tsira ba. Magidanci zai shekara yana fama da fitsari da ƙyar ko jini a bayan gida, ya zo ya ce wa likita "basir ne", ya rufe bakinsa. Da shi da mai cewa "sanyi ne" ko "shawara ce" duk sun yanke wa kansu hukunci kafin a duba su. Likita ba sunan cuta yake nema daga gare ka ba. So yake ka ce ga inda ke ciwo, ga ranar da ya fara, ga abin da ke tayar da shi, ga abin da na sha. A cikin abin da aka sha har da jiƙo da sassaƙe da na mai tallar magani a mota. Ɓoye su don tsoron faɗa ba ya hana su aiki a jiki.

Sai kuma harshe. Najeriya na da harsuna fiye da 500, karatun likita kuma da Turanci ake yin sa, a Nijar da Faransanci. Tun da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 ake turo matasan likitoci daga kudu zuwa ƙauyukan arewa, wasunsu ko gaisuwa ba su iya ba. Bafulatanar ruga ko Babarbariya tana iya zuwa da Hausar da ba ta wuce ta ciniki ba. Daga nan sai a nemi tafinta, kuma wanda ke kusa ake kamawa: mai shara, maigadi, ko ɗan marar lafiyar mai shekara 12. Likita ya yi bayani mai tsawo, tafinta ya juya ya ce, "Ya ce ki riƙa shan magani." Sauran ya bi iska. Uwa kuwa ba za ta taɓa faɗin matsalar al'adarta ta bakin ɗanta ba.

Ma'aikatan lafiya su ma da nasu kason. Gaskiya ne aiki ya yi musu yawa, mutum ɗaya na duba jama'ar da ya kamata mutum biyar su duba, albashi kuma sai a hankali. Amma tsawa ɗaya, irin "Sai yanzu kika ga damar kawo shi?", ta isa ta kulle bakin uwa har ta bar asibitin, kuma gobe kemis za ta nufa. Akwai kuma masu jefa wa ɗan ƙauye kalmomin makaranta, suna rubutu ba su ko ɗaga kai ba. Ni a ganina, gwanintar da ba ta iya sauka ta yi magana da tsohuwa mai sayar da daddawa da sauranta.

Shingen da ya fi kowanne wuyar rushewa shi ne rashin yarda, kuma Kano ta ga misalinsa da idonta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya ce an nemi izininsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Shari'a ta ja har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa an sa abin hana haihuwa a ɗigon rigakafin shan inna, ƙasa ta riga ta jiƙa. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Abin lura a nan, jama'a na da tambayar da ba ta wauta ba ce: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan kyauta, alhali in yaro na zazzaɓi sai mun saya? An daɗe ana amsa ta da fastoci da sanarwar rediyo, ba a zauna da masu tambayar ba. Al'amari ya fara gyaruwa ne da aka kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, aka shigo da sarakuna da limamai da masu unguwanni, aka ɗauki matan unguwa su shiga gidaje su yi magana da 'yan'uwansu mata, aka kuma haɗa da duba wasu cututtukan. Saƙon bai canja ba, bakin da ya fito ne ya canja. A Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Inda bayani na gaskiya ya yi jinkiri, ƙarya ce ke riga shi isa. A Agustan 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, dare ɗaya aka tashi mutane da waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Wasu sun kwanta asibiti, wasu sun mutu, ba tare da sun ko kusanci mai cutar ba. Yau kuma muryoyin WhatsApp ne, da "wani likita ya ce" wanda ba a san sunansa ba balle asibitinsa.

Mutane da yawa ba su san cewa neman bayani haƙƙinsu ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci ya sanar da marar lafiya halin da yake ciki da hanyoyin maganin da ake da su, cikin harshen da yake ganewa in da hali, kuma takardar haƙƙoƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar a 2018 ta sake jaddada haka. Saboda haka kada ka bar taga sai ka maimaita abin da aka gaya maka da bakinka: "Wato fari biyu bayan asuba, biyu bayan azahar, biyu da dare, har kwana biyar, haka ne?" In ka yi kuskure, nan take za a gyara. In ba ka karatu, ka ce a ja maka layuka a jikin ledar, kowane layi sha ɗaya, ko ka sa a faɗa ka naɗa a wayarka. Ka tambayi abin da za ka gani a jiki wanda zai sa ka dawo ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba. In za ka koma, ka tafi da katinka da kwalayen duk abin da ka sha, har da wanda ka saya da kanka. Mace kuma tana iya cewa tana so ta yi magana da ma'aikaciya mace, ko a fitar da 'yan rakiya kafin ta fara bayani.